Inda Muka Kwantar da Banufe

Kujera nake haya a Dutsen Kura. Kujera ɗaya da gefen tebur, a wani bene da ke saman kantin fenti. Matata ce ta jawo min wannan, don tun da na daina tafiye-tafiye na zauna a gida ta ce surutuna ya fi ƙarfin tsakar gidanta, in je in nemi inda ake biyan kuɗi a yi shiru. Sai ga shi akwai irin wurin. Samari da 'yan mata ne cike, kowa da kwamfutarsa, kowa ya toshe kunne, kafaɗa na gogar kafaɗa amma ba mai ce wa wani uffan. Akwai sola, akwai fanka, akwai intanet, akwai butar shayi da ba ta hucewa. Na zauna a Kwatano, na zauna a Agadas, na yi Jos da Ikko, ban taɓa ganin inda mutane ke taruwa don kowa ya kaɗaita ba sai a nan Minna, da tsufana.

Ni aikina a wurin bai wuce gaisawa da tsofaffin abokan ciniki ta waya ba, sai in na ga wani ya cire abin kunnensa in kama shi da labari. Suna kirana Baba. Suna guduna kuma, na sani.

Wata rana cikin damina mai wurin, wata mace mai kazar-kazar da ba ta zama, ta ce min za su yi taron ƙarshen mako. Daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, duk mai wata dabara ta kafa sabon kamfani ya zo ya faɗa, a haɗa rukuni, a gina abin a nuna wa alƙalai. Ta ce tana so in zama cikin masu ba da shawara.

Na ce, "Ni da ban san inda ake kunna kwamfuta ba?"

Ta ce, "Baba, kun sayar da kaya a ƙasa huɗu. Kuma muna bukatar furfura a hoto."

Gaskiyarta ta burge ni, na yarda.

Yadda suke yi shi ne, kowa zai tashi ya faɗi dabararsa a gurguje, akwai mai riƙe agogo, lokacinka na cika a tafa maka ko ka gama ko ba ka gama ba. Sai a rubuta dabarun a manna a bango, a raba wa kowa 'yan takardu masu launi ya je ya liƙa a kan wadda ta kwanta masa. Wadda ta tara takardu ta tsira, wadda ba ta tara ba mai ita ya shiga rukunin wani. Na ji mai son haɗa manoman doya da masu saye ba dillali. Na ji mai son a riƙa kiran keken haya mai ƙafa uku ta waya daga Fadikpe, kamar keken ba a bakin titi yake kwana ba. Ina ta shan shayi ina gyaɗa kai irin na masana.

Sai ta tashi. Ban ma san tana cikin ɗakin ba.

'Yar abokina ce, marigayi. Banufe ne mutumin Bida, mai sayar da kayan tagulla, gidansa a Limawa. Ni kuwa asalina Katsina, to kun san abin da ke tsakaninmu da Nufawa. Tun ranar da muka haɗu a jirgin ƙasa na ce masa bawana, ya ce min bawansa, a haka muka tsufa ba wanda ya 'yanta wani. Mun yi tafiye-tafiye tare ba iyaka, kuma mutum ne da ba ya riƙe hanya. A kasuwar Kwatano sai na juya in ga babu shi, in same shi can yana tambayar hanya da Nufanci wurin mutanen da ko Hausa ba sa ji. Kullum ina ce masa, "Kai in ba ni, da tuni ka ɓace a duniya."

Lokacin da ya rasu 'yar tana hidimar ƙasa a kudu, sai bayan kwana biyu ta iso. Ko da tana nan ma ba za ta bi makara ba, mata ba sa zuwa. Ba shi da ɗa namiji. 'Yan'uwansa suka yi zaman makoki suka koma Bida, uwar ma daga baya ta bi su. 'Yar ce ta tsaya a Minna tana koyar da lissafi a wata sakandare.

Ta tsaya gaban mutane, hannunta ɗaya riƙe da gefen mayafi, ta ce dabararta manhaja ce da za ta riƙa ajiye wurin kabari a taswira. Ana gama binne mutum, wani ya tsaya a wurin ya danna waya, shi ke nan iyalinsa sun san inda yake ko bayan shekara nawa. Ta ce allunan ƙarfe da ake kafawa 'yan jari-bola na tuge su, na katako gara ta cinye, ruwan sama ya baje tudun. Ta ce ita ba ta taɓa sanin inda mahaifinta yake ba, kuma ƙarshen wata za ta bar Minna, ta samu aiki a Fatakwal, tana so ta sani kafin ta tafi.

Sannan ta nuna ni da baki. "Cikin waɗanda suka sauka da shi mutum ɗaya ya rage a garin nan. Ga shi can yana shanye wa mutane shayi."

Aka yi dariya, aka tafa mata tun agogo bai cika ba. Ni ma na yi dariyar, na ɗaga kofi. Ban ji ɗar ba, don na san wurin. Ni na shiga ramin na karɓi kansa. Akwai wata babbar dalbejiya, yana gabas da ita kaɗan, har sai da aka sare wata saiwarta da gatari kafin ramin ya yi daidai. Duk lokacin da ta tambaye ni a baya haka nake ce mata, yana gindin dalbejiya, yana shan inuwa kamar yadda ya saba a raye.

Takardunta ba su yi yawa a bango ba. Matasa ba sa son a tuna musu da wannan hanya da yammacin Juma'a. Amma ta tsira da ƙyar, kuma ta samu wanda ake rububi a kansa, wani ɗan Gbagyi Kirista daga Fadikpe, magidanci mai ƙaramin gemu, wanda duk benen suka ce ba wanda ya kai shi iya rubuta manhaja. Ya ce shi ma kakansa a gona aka binne shi, yanzu gonar ta zama gidajen haya, ba wanda ya san ko ƙarƙashin ɗakin wa yake. Hausarsa irin ta Minna ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa, ita kuma yana ce mata Malama.

Dokar ranar Asabar ita ce ba a yarda ka zauna kana gini a kan zato ba. Da hantsi mai wurin ta bi tebur-tebur tana korar mutane, ku fita, ku je ku gwada, ku tambayi waɗanda za su yi amfani da abin. Masu doya suka nufi kasuwa. Masu keke suka sauka bakin titi. Mu kuwa abokan cinikinmu ba sa amsa tambaya, amma dai wurinsu muka nufa, mu uku a keke ɗaya.

A hanya ɗan Gbagyi ya nuna min abin da ya haɗa. Taswira ce, da wani shuɗin ɗigo a tsakiya. Ya ce, "Baba, wannan ɗigo ku ne. Inda kuka tsaya nan zai tsaya. Ku kai ni wurin kawai, in danna, an gama."

Na ce, "Duk yawon da na yi a duniya ashe ɗigo ne ni."

Ta ce, "Kawu, ai mahaifina ya sha faɗa, ya ce Bakatsine in an cire surutu abin da ya rage bai fi haka ba."

"Ubanki bawana ne, ke ma kin sani."

"To ku kai ni wurin bawan naku."

A bakin maƙabartar ta tsaya. Katangar gajeriya ce, iya ƙirji, ta sami wani wuri kusa da ƙofa ta jingina. Ba wanda ya ce mata kar ta shiga, ita ma ba ta tambaya ba, haka aka saba kuma haka ta tashi ta gani. Sai ta kira wayata ta bidiyo, ta ce in riƙe ta a gabana, duk inda na duba ita ma ta gani. Ɗan Gbagyi ya tsaya yana tambayata ko zai cire takalmi. Na ce ya bar abinsa saboda ƙaya, ya dai kula kar ya taka tudu.

Muka shiga da sallama. Ciyawa ta kai gwiwa, ƙasa ta jiƙe da ruwan jiya, ba motsin kowa sai wasu awaki can nesa. Na ɗaga kai in nemo dalbejiya.

Babu ita. Babu wata bishiya a duk ɓangaren, sarari ne fetal har katangar baya, kuma wurin da na sani da 'yan kaburbura jefi-jefi ya cika maƙil, tudu na bin tudu. Shekarun da na yi a Agadas da Kwatano mutanen Minna ba su daina mutuwa don ba na nan ba.

Muryarta ta fito daga tafin hannuna. "Kawu, kun tsaya."

"Ina daidaita hanya ne."

Muka sami mai kula da wurin yana wanke buta a bakin rumfarsa. Ya ce shi bai daɗe da kama aikin ba, wanda ya gada ya rasu, yana ciki shi ma. Bishiyoyi kuwa ya ji an ce iska ta kayar da ɗaya, sauran aka sare don saiwoyinsu na hana haƙa. Ya ce in muka duba cikin ciyawa za mu ga kututture.

Muka duba, muka samu. Baƙin kututture, ya fara ruɓewa, wasu 'yan rassa sun tofo a gefensa. Na tsaya a kansa na fuskanci gabas, zuciyata ta ce nan ne. Ga wani tudu da ya kusa bajewa, ba allo, ba komai, sai fasasshiyar tukunya da ta leƙo daga ƙasa. Har na buɗe baki, sai ɗan Gbagyi ya taɓa min kafaɗa.

"Baba, ga wani kuma."

Wani kututturen ne, can gaba kaɗan, girmansu ɗaya. Shi ma da tsofaffin kaburbura a gabas da shi. Na je na tsaya a kansa, zuciyar nan tawa mara kunya ta sake cewa nan ne.

Na rufe ido na nemo ranar. Na ga gatarin, na ga farar saiwar da aka sare tana ɗigar ruwa. Na ji nauyin kansa a hannuna, da sanyin likkafani, da yadda ƙasa ta zubo min a wuyan riga lokacin da nake fitowa. Na tuna har wanda ya miƙo min hannu ya jawo ni. Duk abin da ke cikin ramin yana nan a kaina. Abin da ke wajensa ne babu, don ranar ban ɗaga kai na dubi komai ba, inuwa kawai na sani a kanmu.

Ɗan Gbagyi ya ce a hankali, don kar wayar ta ɗauka, "Baba, ku zaɓi wanda ya fi kama. Malama ya gaji da jira. In na danna, ya samu wuri, hankalinsa ya kwanta."

Ya miƙo min tasa wayar in gani. Muna tsaye cik, ba wanda ya motsa, amma shuɗin ɗigon yana tafiya. Ya matsa hagu, ya dakata kan wani kabari, ya dawo, ya zarce gaba kamar mai duba fuskokin mutane a taro. Kewaye da shi akwai wata da'ira mai haske, tana faɗaɗa tana tsukewa. Na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce wayar ce ke cewa ba ta da tabbas, muna wani wuri dai a cikin da'irar. Na duba, da'irar ta haɗiye kututture biyun da duk waɗanda ke kwance tsakaninsu.

Na ce, "Ashe ita ma Banufiya ce, ba ta riƙe hanya."

Ba wanda ya yi dariya. Ni ma ban so na faɗa ba.

"Kawu." Na ɗago wayata. Fuskarta ta cika gilashin, bayanta ana ganin keke na wucewa a titi. Na waiga, ga ta can a bakin katanga, 'yar ƙarama, mayafinta kawai ake hangowa. "Kawu, nan ne?"

Da na ce nan ne, da ta yarda. Ba ta da wani wanda za ta tambaya. Da ta tafi Fatakwal da ɗigonta, duk shekara ta zo ta tsaya a katanga ta fuskanci wurin, wata rana ta nuna wa 'ya'yanta. Kuma wataƙila ma daidai ne, tunda ɗayan biyun ne. Na dubi tudun farko, na dubi na biyu.

Na ce, "'Yata, ban sani ba. Ɗaya daga cikin biyun nan ne, amma ban san wanne ba."

Sai ta ce in juya wayar a hankali, daga kututturen farko zuwa na biyu, kar in yi sauri. Na juya. Ta ce in sake. Na sake, ina nuna mata ciyawa da tudun mutanen da ba ta sani ba.

Ta ce da ɗan Gbagyi, "Za ka iya ajiye da'irar gaba ɗaya, ba ɗigon ba?"

Ya ce ba haka ya gina ta ba, amma zai iya.

"To ajiye ta."

A keke muna komawa, da muka kusa Dutsen Kura sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da kun zaɓa min ɗaya da na gane. In kuna ƙarya, hula kuke taɓawa." Ban san ina yi ba. Ta ce ubanta ne ya faɗa mata tun tana ƙarama, ya ce da haka yake cin ribata a ciniki.

Ranar Lahadi da la'asar aka jera alƙalai uku a gaban ɗaki. Ta tashi ta nuna taswirar a bango, da da'irarta shuɗiya. Wani alƙali mai ƙaramar riga ya tambaye ta ko sun gwada, ya yi aiki?

Ta ce, "Mun gwada. Bai samo min mahaifina ba. Wanda aka binne aka daɗe sai dai a yi masa da'ira. Ko na yau ma wayar ba ta kai ta nuna kabari ɗaya tak ba, sai an haɗa da hoto da alamar da ba a sacewa. Amma da an yi min ko wannan a lokacin, da jiya ban tsaya ina kallon ciyawa ba."

Masu doya ne suka ci. Ya dace, doyar Neja ba ta da na biyu. Aka ɗauki hoto, furfurata ta yi aikinta, aka tattara kujeru.

Kafin a watse ɗan Gbagyi ya karɓi wayata ya sa min manhajar. Ya ce ya ƙara wani abu da safe wanda bai samu nunawa ba: in mutum ya kusanci wurin da aka ajiye, wayar za ta girgiza ta tuna masa. Ya ce bai gama daidaita nisan ba, zai gyara cikin mako.

Bai gyara ba. Ya samu aiki da wasu mutanen Abuja, ita ta tafi Fatakwal ƙarshen wata kamar yadda ta ce, kamfanin bai wuce wannan Lahadin ba. Na raka ta tasha. Ta ce, "Kawu, kar ku goge ta." Na ce ko na so ban san yadda ake gogewa ba.

To titin da ke bin gefen maƙabartar nan shi ne hanyata in zan je Limawa ko babbar kasuwa. Ranar farko da abin ya faru ina cikin keke, an matse ni tsakanin wata mata da buhun gawayi, sai na ji an zungure ni a cinya, sau biyu, daidai yadda Banufe yake yi min da gwiwar hannu in ya ga zan yi wa mai saye ragi da yawa. Na waiga in ga waye. Sai na ga katangar.

Har yau haka ne. Manhajar ba ta buɗewa ma yanzu, in ka taɓa ta sai ta yi fari ta rufe, amma zungurin bai daina ba. Mai wurinmu ta ce in kawo wani ya cire min, na ce a bar shi. Wani lokaci ina sane, ina jiransa tun daga kwana. Wani lokaci na shagala da labari da mai keke, sai ya katse ni a tsakiyar magana, mai keke ya leƙo ta madubi ya ce Baba lafiya.

Takan kira ni ranar Juma'a in ta taso daga aiki. Bayan gaisuwa, da tambayar ƙafata, da tambayar ko har yanzu ina shanye wa mutane shayi, sai ta ce, "Ya taɓa ku makon nan?"

In na ce eh, sai ta ce, "Kun gaishe shi?"

Ina gaishe shi. In ba sauri nake ba nakan sauka, in tsaya a inda ta tsaya, a gajeriyar katangar nan kusa da ƙofa. In yi sallama ga duk waɗanda ke cikin da'irar, tunda maƙwabtansa ne yanzu, in yi musu addu'a gaba ɗaya, in faɗa masa 'yarsa na gaishe shi. Daga nan ba a hango kututturen ko ɗaya, ciyawa ta rufe su. Sai in rage murya, don kar mai kula da wurin ya ɗauka na taɓu, in ce, "Banufe, kana ina?"